Shuka Kayan Lambu, Ganyen Ƙamshi da Furanni Daga Iri: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin asarar da masu lambun gida ke yi tana faruwa ne a makonni ukun farko, tun kafin tsiro ya kai tsawon yatsa. Sau da yawa kuma irin ba shi da laifi. An dai wuce gona da iri ne: ruwa ya yi yawa, ko rami ya yi zurfi, ko an cunkushe tsiro wuri guda, ko an bar shi a inuwa bayan ya fito. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Me ƙwayar iri take buƙata kafin ta tsira?

Danshi, iska da ɗumi daidai gwargwado. Taki ba ya cikinsu a wannan mataki, domin kowace ƙwaya tana ɗauke da guzurinta, wanda zai riƙe tsiron har ya buɗe ganye ya fara haɗa abincinsa da hasken rana. Da ruwa ya ratsa ɓawon, ƙwayar takan kumbura ta farka, ta fara numfashi, sannan saiwa ta fara leƙowa kafin kai. Abubuwa biyu ne ke kashe ta a nan. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf, ruwa ya cike ƙofofin da iska ke bi, ƙwayar ta shaƙe ta ruɓe. Idan kuma ta fara tsagewa sai ƙasar ta bushe, ko na yini guda ne, shi ke nan, ba ta komawa barci a sake tashinta. Saboda haka abin da ake nema shi ne danshin da ba ya yankewa, kamar na soson da aka matse.

Zan iya ɗiban ƙasar tsakar gida in zuba a tukunya in shuka?

Ita kaɗai, a'a. Ƙasar da take da kyau a fili takan daskare idan aka killace ta a ƙaramin mazubi: ta riƙe ruwa a ƙasa, samanta ya yi ɓawo mai tauri wanda ƙaramin tsiro ba ya iya fasawa. Ga irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da take zuwa da su.

Haɗin da ya fi dacewa da faranti ko kofunan reno shi ne kashi ɗaya na garin ɓawon kwakwa, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sosai aka tankaɗe, da kashi ɗaya na abin da zai buɗe haɗin ya sha iska, wato yashi mai tsakuwa-tsakuwa, ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka, ko falait, farin dutsen nan mara nauyi da ake sayarwa don reno. Idan babu ɓawon kwakwa, a haɗa ƙasar sama kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, a tankaɗe da rariya mai ido kamar milimita 5. Garin ɓawon kwakwa wani lokaci yakan zo da gishiri, don haka a jiƙa shi a tsiyaye sau biyu kafin a haɗa.

Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, yana ƙamshin ƙasa, ba a gane abin da aka yi shi da shi. Ɗanyen kashin kaji ko na dabbobi yana ƙone saiwar tsiro nan take. Wannan ba abin sassauci ba ne, kada ya shiga ƙasar reno ko kaɗan.

A jiƙa haɗin tun kafin a zuba a mazubi. Gwajinsa: a dunƙula a hannu a matse. Ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, in an taɓa shi da yatsa ya watse. Idan ruwa ya bi tsakanin yatsu yana zuba, ya yi yawa, sai a ƙara busasshe.

Wanda ya yi amfani da ƙasar fili kuma yana son kashe cutar cikinta, ya turara ta tana da danshi har zafin tsakiyarta ya kai digiri 82 na ma'aunin Salshiyas, ya riƙe haka minti 30, ya bari ta huce gaba ɗaya. Ba a so a ƙona ta. Ga gadon reno na ƙasa, ana jiƙa shi a lulluɓe da farar leda wadda haske ke ratsawa, a danne gefunan da ƙasa, a bar shi cikin rana mai ƙarfi mako huɗu zuwa shida.

Wane irin mazubi ya dace?

Duk wanda zurfinsa ya kai santimita 5 zuwa 8 kuma aka huda gindinsa. Kofin roba, gorar ruwa da aka yanke, ledar reno, farantin reno mai gurabe, duk suna aiki. Huda uku ko huɗu masu faɗin kan fensir sun isa kofi ɗaya. Kwalin ƙwai bai da zurfi kuma yana shanye danshi, ba ya riƙe tsiro fiye da 'yan kwanaki. Mazubin da aka taɓa amfani da shi a wanke shi da sabulu, a tsoma cikin ruwan bilic, sinadarin nan na faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, kashi ɗaya a ruwa kashi tara, na minti goma ko fiye, a ɗauraye. A rubuta suna da ranar shuka a jikin kowanne, domin tsiron tumatir, tattasai da yalo sukan rikita mutum a makon farko.

Yaya zurfin da za a binne iri?

Kamar ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar. Tumatir, tattasai, yalo, kabeji da albasa, rabin santimita zuwa santimita ɗaya. Kokwamba da kuɓewa, santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wake, masara da kabewa, biyu zuwa huɗu. Guzurin ƙwaya ƙididdigagge ne, idan aka binne ƙaramar ƙwaya da zurfi abincinta zai ƙare tana hanya, ta mutu ba wanda ya gan ta, a ɗora wa mai sayar da iri laifi.

Akwai waɗanda ba a binnewa ma sam, domin haske ne ke tashinsu: latas, seleri, da furanni irin su fetuniya da bigoniya. Waɗannan a barbaɗa su a saman ƙasa mai danshi, a danna da tafin hannu ko gindin kofi don su manne, in ma za a rufe to da ɗan garin ƙasa kamar ƙura. Irin da ya yi ƙanƙanta da yawa, kamar na alayyafo ko karas, a cuɗa shi da busasshen yashi, cokali ɗaya na iri a cokali huɗu ko biyar na yashi, hannu zai fi iya rarraba shi. A kowane gurbi a sa ƙwaya biyu, uku idan irin ya kwana biyu.

Sau nawa ake ban ruwa?

Babu adadin da ya dace da kowa, domin kofin da ke cikin iska mai zafi zai iya bushewa sau biyu a yini, na ɗaki mai sanyi kuma ya yi kwana uku da danshinsa. Hannu ne ma'auni. A ɗaga kofin bayan an ba shi ruwa a ji nauyinsa, gobe a sake ɗagawa. Idan ya yi sakayau kuma saman ƙasar ya fara haske, lokaci ya yi.

Kafin tsiro ya fito, a rufe mazubin da leda ko murfi wanda haske ke ratsawa don danshi ya zauna, amma a ajiye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, in ba haka ba cikin ledar zai zama tukunya ya dafa irin. Ranar da aka ga tsiro na farko ya lanƙwaso ya ɗaga ƙasa, ranar za a cire murfin. Kada a jira sauran.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ban ruwa ta ƙasa: a jera kofunan cikin faranti mai ruwa kamar santimita biyu, a bar su minti 15 zuwa 20 su tsotsa, sai a zubar da ragowar. Saman ƙasa ba ya yin caɓi, iri ba ya gusawa daga inda aka sa shi, saiwa kuma takan bi ruwan ta yi ƙasa. In ta sama za a bayar, a yi da abin fesawa ko gorar da aka huda murfinta da allura, kuma da safe, don ganye ya bushe kafin dare.

Na shuka kwana goma ke nan babu ko ɗaya da ya fito. Iri ya mutu ne?

Ya danganta da abin da aka shuka da kuma zafin ƙasar. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10 idan ƙasa tana tsakanin digiri 21 da 29. Tattasai da yalo sun fi son ɗumi, 25 zuwa 30, kuma sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Wasu nau'o'in barkono masu tsananin yaji kan kai mako uku ko huɗu. Kokwamba da kabewa masu sauri ne, kwana 3 zuwa 10. Albasa mako ɗaya zuwa biyu, karas har mako uku, fasli kuwa, wani ganyen ƙamshi, yakan kai wata guda yana nan shiru.

Latas yana da halin da ke ruɗa mutane. Sanyi-sanyi yake so, 15 zuwa 21. Da zafin ƙasa ya doshi 30 sai ƙwayar ta kulle kanta ta ƙi tsira, alhali lafiyarta ƙalau. A lokacin zafi a shuka shi da yamma, a ba shi ruwa mai sanyi, a ajiye a wuri mafi sanyi a gida har ya fito.

Idan lokacin ya wuce, a tona gurbi ɗaya da tsinke a duba. Ƙwayar da ta yi laushi tana wari, ruwa ne ya yi mata yawa ko sanyi ya riƙe ta har ta ruɓe. Wadda take nan da taurinta kamar yadda aka sa ta, ko ruwa bai isa gare ta ba ko tana jiran ɗumi. Idan an ga farin tsiro a naɗe ƙarƙashin ƙasa, zurfi ne ko ɓawon sama ya hana shi fita. Idan kuma babu ƙwayar kwata-kwata, a nemi sawun tururuwa, ɓera ko tsuntsu.

Waɗanne ake renawa a dasa, waɗanne ake shukawa kai tsaye?

Tumatir, tattasai, barkono, yalo, kabeji, latas, albasa da seleri suna jure dashe, wasu ma sun fi kyau da shi. Karas da radish ba a dasa su, domin saiwar da ake so ita ce za ta karye ko ta lanƙwashe, sai a samu karas mai ƙafa biyu ko uku. Wake, masara, kuɓewa, kusbara da furen kallon rana su ma gara a sa su inda za su zauna. Dangin kabewa, wato kokwamba, kankana da ita kabewar, suna tsaka-tsaki: za a iya renonsu a kofi ɗai-ɗai na mako uku, a juye da ƙasarsu ba tare da an taɓa saiwa ba.

Karas yana buƙatar ƙarin kulawa saboda ba a binne shi da zurfi kuma yana daɗewa. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara ko siririn katako a kan layin, a riƙa ɗagawa kullum daga kwana na biyar, a cire da zarar an ga tsiro.

Mai gadon reno a ƙasa ya yi shi faɗin mita ɗaya don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe, ya ɗaga shi santimita 15 saboda ruwan sama, ya ja layuka da tazarar santimita 10 maimakon watsawa. A lulluɓe da busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, a kwashe ta ranar da tsiro ya fara fitowa.

Ana jiƙa iri kafin a shuka?

Manya masu taurin ɓawo kaɗai: kuɓewa, fis (koren waken Turawa mai ƙwaya zagayayya), bitirut (jar saiwa da ake ci), da fasli saboda jinkirinsa. Awa 8 zuwa 12 cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi sun isa, kada a wuce kwana ɗaya, kuma a shuka nan take a ƙasa mai danshi. Wake in ya daɗe a ruwa yakan tsage ya ruɓe, ba ya buƙatar jiƙo. Ƙananan iri ba a jiƙa su, na ɗoɗɗoya ma yauƙi yake yi ya manne a yatsa. Wasu irin furanni masu ɓawo kamar dutse ana ɗan goga gefensu a takardar yashi har launin ciki ya leƙo, nesa da idon ƙwayar. Wasu kuma na ƙasashen sanyi, irin su labanda, sun fi tsira idan sun yi mako huɗu zuwa shida a firji cikin yashi mai danshi, ba a ɓangaren ƙanƙara ba, domin a wurinsu sanyin ne alamar cewa hunturu ya wuce.

Tsirona ya fito da kyau, da safe na tarar ya kwanta, gindinsa ya tsuke kamar zare. Me ya faru?

Wannan ita ce cutar ruɓewar gindin tsiro, kuma babu abin da ya fi ta cin gadon reno. Ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin ƙasa da ruwa ne ke kawo ta, musamman Fitiyam, Rizoktoniya da Fusariyam. Suna kama tsiron daidai inda ya haɗu da ƙasa. In an duba da kyau za a ga wurin ya yi ruwa-ruwa ko ya yi launin ƙasa, ya shaƙe, ganyen sama kuwa har yanzu kore shar. Takan fara daga wuri ɗaya ta bazu kamar da'ira, cikin kwana biyu faranti ya tafi.

Tsiron da ya kwanta ba ya tashi. A cire shi tare da ƙasar da ke kewaye da shi da maƙwabtansa na kusa, a zubar nesa da lambu, a dakatar da ruwa har saman ƙasa ya bushe, a kai farantin inda iska ke kaɗawa da haske. Idan fiye da rabi ya kamu, a sake sabon reno da sabuwar ƙasa da wankakken mazubi, ya fi jinyar ragowar.

Rigakafin duk yana komawa ga hana danshi kwanciya a wuyan tsiro: mazubi mai huda, ƙasa mai sakin ruwa, cire murfi da wuri, shuka da tazara, ban ruwa da safe. Barbaɗa siririn busasshen yashi a saman ƙasa bayan shuka yana taimakawa, domin yashi ba ya riƙe ruwa. A ɗaki, ƙaramar fanka da ke kaɗawa a hankali na 'yan awoyi kullum tana rage cutar sosai. Hatsarin yana raguwa da kansa idan kara ya yi ƙwari, bayan ganye na gaskiya biyu ko uku.

A bambanta ta da ɓarnar tsutsa ko gyare. Su yanke karan suke yi tsaf kamar da reza, galibi da dare, kuma gindin ba ya ruɓewa. Tsutsar takan naɗe cikin ƙasa kusa da wanda ta yanke, in an tona da yatsa za a same ta. Zoben kwali ko na gorar roba da aka nutsa santimita biyu cikin ƙasa kewaye da kowane dashe yana tare ta.

Me ya sa tsiron ya yi tsawo siriri, fari-fari, yana karkata gefe ɗaya?

Haske yake nema. Tsiron da bai samu isasshen haske ba yakan zuba duk ƙarfinsa a tsawo, ɗumi da cunkoso kuma su ƙara abin. Kwana biyu a lungu bayan fitowa sun isa su ɓata shi. A waje, a ba shi ranar safe ta awa huɗu zuwa shida, a kare shi daga ta tsakar rana da rumfa mai tsayin mita ɗaya wadda haske ke ratsawa. A ɗaki, taga kaɗai ba kasafai take isa ba. Fitilar LED fara ko doguwar fitila mai sanyi tana aiki, a rataye ta kusa, kamar santimita 5 zuwa 10 sama da ganye idan ba mai ƙarfi ba ce, awa 14 zuwa 16 a yini, a kashe da dare. Shafa kan tsiron da tafin hannu sau da yawa kullum yana sa kara ya yi kauri, kamar yadda iska ke yi masa a fili.

Tumatir yana da gyara: a binne karan har kusa da ganyen farko, zai fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta rufe. Kabeji ma ana iya nutsa shi kaɗan. Latas da ya miƙe kuwa gara a sake shuka.

Yaushe za a fara sa taki?

Ganye biyun da suka fara buɗewa ba ganye na gaskiya ba ne, na cikin ƙwaya ne, shi ya sa ba sa kama da na uwar. Sai na gaskiya sun fito ake maganar taki. Idan haɗin yana da takin da ya ruɓe, zai riƙe tsiron mako biyu ko uku. Bayan haka a ba shi takin ruwa, rubu'i zuwa rabin ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalin, sau ɗaya a mako ko kwana goma, kuma a kan ƙasa mai danshi. Kada a zuba ƙwayoyin takin zamani a ƙaramin kofi. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, yunwa ce ko yawan ruwa, a duba nauyin kofin kafin a yanke hukunci. Bakin ganye ya ƙone da farin gishiri a saman ƙasa, taki ya yi yawa, a wanke da ruwa mai yawa ya tsiyaye. Idan bayan ganyen tumatir ya koma shuɗi-ja, galibi sanyi ne ya hana saiwa ɗaukar sinadarin fosfaras, da ɗumi ya zo yakan warware.

Dole ne a rage tsiro? Duk suna da lafiya.

Dole ne. Uku a gurbi ɗaya raunana uku ne. Da ganye na gaskiya ya fito a zaɓi mai kaurin kara, ba mafi tsawo ba, a datse sauran da almakashi daidai ƙasa, domin tugewa tana girgiza saiwar wanda aka bari. Karas a bar santimita 5 tsakani. Bitirut ko ƙwaya ɗaya aka sa sai an rage, saboda abin da ake gani kamar ƙwaya dunƙulen iri ne da yawa. Wanda yake son raba su zuwa wasu kofuna ya ɗago da tsinke daga ƙasa, ya riƙe ganye, kada ya riƙe kara. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje tsiron ya tafi.

Yaya ake dasawa ba tare da dashen ya yi yaushi ya mutu ba?

A fara da sabar da shi. Tsiron da ya tashi a inuwa fatarsa sirirya ce, in aka fitar da shi rana kai tsaye ganyen zai yi fari kamar takarda. A ɗauki kwana 7 zuwa 10: ranar farko awa ɗaya ko biyu a wuri mai inuwa marar iska, kullum a ƙara awa ɗaya ko biyu da ƙarin rana, a rage ruwa kaɗan ba har ya yi yaushi ba, kwana biyun ƙarshe ya kwana a waje.

Tumatir da kabeji sukan isa dashe da ganye na gaskiya huɗu zuwa shida, wajen mako huɗu zuwa shida. Tattasai da yalo mako shida zuwa takwas. Albasa idan ta kusa kaurin fensir. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, ana ƙirga lokacin shuka ne baya daga ranar da ake sa ran sanyin ƙarshe, kuma ba a fitar da tumatir ko ɗoɗɗoya sai dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10. Kada a bar dashe ya tsufa a kofi har saiwa ta naɗe kamar gammo ko ya fara fure, irin wannan yakan tsumbure.

A ba shi ruwa awa ɗaya ko biyu kafin a cire, a dasa da yamma ko ranar da hadari ya rufe, a danna ƙasa a hankali, a ba shi ruwa nan take don ƙasa ta manne da saiwa. A yi masa inuwa kwana biyu ko uku. Tazara: tumatir santimita 45 zuwa 60, tattasai da kabeji wajen 45, latas da ɗoɗɗoya 25 zuwa 30, albasa 10.

Ganyen ƙamshi duk ana samunsu daga iri?

Ɗoɗɗoya ce mafi sauƙi, kwana 5 zuwa 10 cikin ɗumi, rufi kaɗan. Idan ta yi ganye jeri uku a tsinke kanta sama da mahaɗar ganye, za ta yi rassa biyu. Kusbara abin da ake shukawa ɗan 'ya'ya ne mai ƙwaya biyu a ciki, a ɗan murje shi ya rabu. Zafi yana sa ta fure da wuri, don haka a riƙa shuka kaɗan-kaɗan duk mako biyu ko uku. Na'ana'a kuwa ɓata lokaci ne nemanta daga iri: ba ta fitowa da ƙamshin uwarta, wani nau'in ma ba ya yin iri mai tsira. Reshe ɗaya cikin kofin ruwa zai yi saiwa cikin mako ɗaya ko biyu. Rozmeri ma reshe ya fi, irinsa yana da jinkiri kuma kaɗan ke fitowa.

Wane fure ya dace da mai farawa?

Marigol, ziniya, kosmos da furen kallon rana. Irinsu yana kamuwa a yatsa, sukan fito cikin mako guda ko kwana goma, marigol da ziniya kuma su yi fure cikin kamar wata biyu. A tsinke kansu suna da tsawon taƙi don su yi rassa, ban da kallon rana mai kara ɗaya. Taki mai yawan naitirojin ganye yake ba su, ba fure ba.

Ina da tsohon iri. Yaya zan san yana da rai, kuma yaya ake ajiya?

A jera ƙwaya goma a jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu, a naɗe, a sa cikin leda, a ajiye a wuri mai ɗumi, a riƙa dubawa har kwanakin tsirarsa su cika. Takwas ko fiye suka tsira, a shuka yadda aka saba. Biyar zuwa bakwai, a ƙara yawan ƙwaya a gurbi. Ƙasa da biyar, a nemi sabo, domin waɗanda za su fito ma raunana ne.

Irin albasa da fasli ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu. Tattasai, kuɓewa, karas da wake biyu zuwa uku. Tumatir, yalo da kabeji wajen huɗu, kokwamba da kankana har biyar. Wannan lissafin na irin da aka adana da kyau ne. Zafi da danshi su ne abokan gaba, kuma ƙa'idar da masana iri ke aiki da ita ita ce, duk ragin digiri 5 a zafin wurin ajiya yana kusan ninka tsawon ran iri. A busar da shi sosai a inuwa, a sa a ambulan takarda mai suna da shekara, a zuba ambulan ɗin cikin kwalba mai murfin da iska ba ta shiga, tare da 'yar jakar silika mai shan danshi. Idan a firji aka ajiye, a bar kwalbar har sanyinta ya sake ta kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan irin.

Zan iya cire iri daga abin da na girbe in sake shukawa?

Idan an rubuta F1 a jikin fakitin, irin haɗin aure ne na iyaye biyu da aka zaɓa. Zuriyar farko takan fito bai ɗaya, amma 'ya'yanta sukan rarrabu, wani babba wani ƙarami, wani ya rasa juriyar cutar da aka saye shi dominta. Zai tsira, ba zai maimaita uwar ba ne kawai. Irin da ba na haɗi ba shi ake adanawa. Tumatir, wake da latas sun fi sauƙi saboda galibi kansu suke yi wa barbara. Dangin kabewa ƙudan zuma na gauraya nau'o'in da ke kusa da juna, masara kuma iska.

A ɗauka daga shuka mafi lafiya, daga 'ya'yan da suka nuna sarai. Tattasai sai ya gama juya launi, kokwamba sai ta wuce ci ta yi rawaya, kuɓewa da wake sai sun bushe a jikin uwa. Na tumatir a matse shi da ruwansa a kofi, a bar shi kwana biyu ko uku ya yi tsami, wannan ke narkar da yauƙin da ke hana ƙwayar tsira. A ƙara ruwa a motsa, mai kyau zai nutse, a zubar da na sama, a wanke, a baza a faranti ba a takarda ba don kada ya manne. A bar shi a inuwa mai iska mako ɗaya ko fiye, ana motsawa kullum, har ƙwayoyin su daina manne wa juna su riƙa zamewa a yatsa, sannan a zuba a ambulan.